Lambar EIN ta Amurka: kyauta ake bayar da ita, wutsiyarta ce mai tsada

Sau uku cikin wata guda ana turo min tambaya kusan iri ɗaya a WhatsApp, biyu daga nan Bronx ta birnin Niyok ɗaya daga Kano, wai nawa ake biya a samu EIN. Na Kanon ɗan yayata ne, ya turo min murya ta minti huɗu da rabi, ya gaisheni ya gaida iyali ya tambayi sanyi ya tambayi aiki, sai can ƙarshe yace Kawu dama wata 'yar alfarma ce, soshal ɗinka nakeso ka ara min na minti goma kawai in ciri lambar kamfani. Ban bashi amsa ba sai da gari ya waye, don da na amsa a daren nan da zumunci ya samu tabo. To shine nace bari in zauna in warware maganar gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya sai in tura masa wannan in huta.

EIN lamba ce mai tara, biyu a gaba sai ɗan layi sai bakwai a baya, hukumar tara harajin tarayyar Amurka wato IRS ce ke bayarwa. Yadda mutum a Amurka yake da lambar soshal, wato Social Security, da gwamnati ke gane shi da ita, haka kasuwanci yake da tasa. Wanda ya san TIN a Najeriya ko NIF a Nijar ya riga ya san rabin zancen. Kafin 2001 lambobi biyun farko suna nuna yankin da kasuwancin yake, yanzu kam ofishin da ya fitar da ita ko hanyar da aka bi aka nema kawai suke nunawa, don haka masu cewa wai tasu ta fara da kaza saboda haka tafi ƙarfi a banki, surutu ne.

Kuma kyauta ce. Sisin kwabo IRS bata karɓa. Na maimaita saboda mutanenmu da yawa sun biya, kuma ba wawaye bane, abinda ke faruwa shine mutum ya rubuta EIN a Google, abinda zai fara fito masa talla ne, shafi mai shuɗi da fari da hoton mikiya da tutar Amurka, ya cike komai har soshal ɗinsa, sai a ƙarshe a ce kawo kati. Wata Hajiya mai shagon kitso a nan kusa damu ta nuna min risit ɗinta a waya, dala 249, tana murna wai an mata sauri. Abinda suka yi mata bai wuce su kwafe bayananta su zuba a shafin IRS na gaskiya ba, aikin da zata yi da kanta kafin shayinta ya huce. A watan Afrilun 2025 hukumar kare masu sayayya ta FTC sai da ta aika wa masu irin waɗannan shafuka wasiƙar gargaɗi, tace wasunsu na cajin har dala 300 suna kuma shigar burtu kamar su ne gwamnati. Kuɗin ma da sauƙi, abinda yafi damuna shine yanzu soshal ɗinta da adireshinta suna hannun wanda bata san ko waye ba. Shafin da adireshinsa bai ƙare da irs.gov ba, ba IRS bane, duk yadda ya kai ga yin ado.

To waye ma yake buƙatarta? Sunan lambar yana ruɗar mutane, saboda ma'anarsa lambar mai ɗaukar ma'aikata, sai mutum yace ni ai bani da yaro ko ɗaya. In kana da ma'aikaci ko guda ne dole ne. In ku biyu ne ko fiye kuka haɗa jari dole ne. In kamfani ne mai hannun jari dole ne. Amma mutum ɗaya tilo da ke sana'arsa da sunansa, mai tuƙa Uber, mai ɗinki a gida, mai tura motoci Kwatano ko Tema, doka bata tilasta masa ba, soshal ɗinsa ya isa ya cike harajinsa. Duk da haka ina ba irin waɗannan shawara su nema, dalili kuwa duk wanda ka yi wa aikin kwangila zai miƙo maka fom W-9 yace rubuta lambar harajinka, in baka da EIN soshal ɗinka zaka yi ta rabawa kamar goron biki, ofis goma hannu goma. In ka ƙi rubutawa ko ka rubuta ba daidai ba, doka ta basu dama su riƙe kashi 24 cikin ɗari na kuɗinka su tura IRS. Sannan banki ma mafi yawansu bazasu buɗe maka asusun kasuwanci ba sai sun ga takardar lambar.

Abu na farko da mutane ke juyawa baya gaba shine tsari. IRS bata yi wa kamfani rajista, wannan aikin jiha ne. Amurka bata da abu ɗaya kamar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, da zakaje a gama maka komai a wuri guda, kowace jiha da ofishinta da kuɗinta da dokarta. Saboda haka in LLC kakeso, wato irin kamfanin da ke raba bashin kasuwanci da aljihun mai shi, jiha zaka fara zuwa, ta amince da sunan ta baka satifiket, sannan ka nufi IRS da sunan nan harafi da harafi. Wanda ya fara ciro EIN sannan yaje jiha aka ce masa ai sunan nan wani ya riga shi, ya shiga aikin rubuta wasiƙa da jira. A jihar Niyok kuɗin rajistar LLC dala 200 ne, amma akwai wata tsohuwar doka mai ban haushi da tace cikin kwana 120 sai ka buga sanarwa a jarida biyu har sati shida a jere, kuma magatakardan gunduma ne zai zaɓa maka jaridun, a cikin birni kuɗin bugun nan yakan ninka na rajistar kanta. Ba ruwan IRS da wannan, amma wanda ya riƙe takardar EIN yana ganin ya gama, to bai gama ba.

Ga wanda yake nan Amurka kuma yana da soshal ko ITIN, neman lambar abu ne na zama ɗaya. ITIN ɗin nan, ga wanda bai sani ba, lambar haraji ce ta mutum da IRS ta fara bayarwa a 1996 ga wanda bai cancanci soshal ba amma yana da harajin biya, da 9 take farawa, fom W-7 ake cikewa. Ka shiga shafin, ka amsa tambayoyi, in komai ya dace nan take lambar zata fito ka sauke takardar. Sai dai shafin baya ajiye aiki, in ka tashi ka barshi minti 15 ya rufe sai ka koma farko, saboda haka kar ka fara ana gab da kiran sallah. Kuma mutum ɗaya lamba ɗaya a rana, in kana da kamfani biyu sai gobe.

Akwai wani ƙaramin abu da ya shafe mu kai tsaye wanda ban taɓa ganin an yi bayaninsa ba. Kwamfutar IRS bata san ɗauri irin na Sa'idu ko Mas'udu ba, balle ƙ da ɗ da ɓ. Haruffan Turanci, lambobi, ɗan layin tsakiya da alamar & kawai take karɓa. Wani bawan Allah mai shagon kayan abincin gida ya sa wa kasuwancinsa 'Yan'uwa, da ɗaurin nan guda biyu, jiha ta karɓa ta buga masa haka a satifiket, da muka zo IRS sai shafin ya ƙi wucewa, sai da muka rubuta YANUWA a dunƙule. Ya ɓata rai yace ai ma'anar ta lalace, nace Alhaji kwamfuta bata jin Hausa. Daga baya a banki yarinyar da ke kan tebur ta riƙe takardu biyun tana duba wannan tana duba wancan, sai da manaja ya zo ya ce ai abu ɗaya ne. Da ya sani tun farko da ya yi rajistar ba ɗauri ya bar ɗaurin a allon ƙofar shago.

Na biyunsa sunan mutum. Mu da yawa bamu taso da sunan dangi irin nasu ba, sunanka da na mahaifinka, wani ya ƙara na kaka wani ya ƙara sunan gari, fasfo ya jera su wani iri, katin soshal ya jera wani iri, Muhammad a nan Mohammed a can Mahamadou ga 'yan Nijar. Shafin yana gwada sunan da ka rubuta da abinda ke rumbun gwamnati, harafi ɗaya ya kauce sai ya turo maka lambar kuskure ya rufe ƙofa. Ɗauko katin soshal ɗin ka ajiye a gabanka ka kwafa yadda yake, ko da kasan sun rubuta sunan babanka ba daidai ba. Wata lambar kuskuren da ake yawan gamuwa da ita 101 ce, galibi tana nufin sunan kasuwancin ya yi kama da wani da ke rumbunsu, kuma in ta fito maimaitawa bata da amfani, sai dai ka koma takarda.

Takardar ita ce fom SS-4, shafi ɗaya, kuma tambayoyin intanet ɗin ma daga cikinta aka ciro su. Ana turawa ta fakis, IRS tace kamar kwana huɗu na aiki, ko ta gidan waya zuwa ofishinsu na Cincinnati a jihar Ohio, kamar sati huɗu. Eh fakis, a wannan zamanin, haka suke.

Yanzu ga inda nakeso a nutsu. Mutane suna kallon fom ɗin kamar neman lamba ne kawai, alhali kuwa gabatar da kai ne, kana gaya wa hukumar haraji ni wane ne, ga irin kasuwancina, ga ranar da na fara, ga yawan mutanen da zan ɗauka, kuma daga amsoshin nan ne kwamfutarsu zata buɗe maka fayil ta fara jiran takardu daga wurinka a ranaku sanannu. Takardar da zasu baka mai suna CP 575 ba lambar kaɗai ke jikinta ba, in ka karanta ƙasa kaɗan zakaga an rubuta fom ɗin da ake jira daga gareka da ranarsa. Wallahi cikin waɗanda na taimaka wa da wuya ka samu wanda ya karanta wurin nan, kowa hoton lambar yake ɗauka ya tura wa banki.

Misali layin da ke tambayar ma'aikata nawa kake sa ran ɗauka cikin shekara. Ɗan kasuwa da fata nagari, sai ya rubuta uku don in sha Allah kasuwa zata buɗe, ya kuma sa ranar fara biyan albashi. Shikenan IRS ta sa shi layin masu cike fom 941 duk wata uku. Shekara ta zagayo bai ɗauki kowa ba bai tura komai ba, sai wasiƙu su fara sauka ana tambayarsa ina takardun albashi. In baka da ma'aikaci yau kuma baka da ranar ɗauka, sifili zaka rubuta, ranar da ka ɗauka sai ka fara cikewa da lambar da kake da ita.

Wanda yafi wannan cizo shine yawan masu LLC. In kai kaɗai ne, a idon harajin kuɗin shiga IRS ɗauke kai take yi daga kamfanin kamar babu shi, ribar taka ce kai tsaye, a takardar harajinka ta shekara zata shiga, ka biya harajin kuɗin shiga ka kuma biya na mai zaman kansa wanda yake kashi 15.3. Amma da zarar ka rubuta mutum biyu ya zama haɗin gwiwa, yana da fom nasa daban, 1065, ranarsa 15 ga Maris ba Afrilu ba, kuma tarar latti ana lissafa ta ne kan kowane mutum kowane wata, sama da dala 200 kowanne, har wata 12. Mu kuma ga kara. Mutum zai sa sunan uwargida don a faranta mata, ko na ƙaninsa don kar ace ya ware shi, babu wanda ya zuba ko dala ɗaya sai shi. Na ga wanda ya sa kansa da matarsa da ƙannensa biyu, shagon ma bai wani yi ciniki ba, ya je wurin mai cike haraji a Afrilu kamar yadda ya saba a matsayin mutum ɗaya bai ambaci zancen ba, bayan watanni sai ga wasiƙar tara ta mutum huɗu. An samu an roƙa an yafe saboda karon farko ne, amma sai da ya yi sati biyu baya cin abinci da daɗi. Akwai 'yan jihohi irin Texas da Kalifoniya da dokarsu ta ɗauki dukiyar miji da mata abu guda, a can ana iya lissafa su mutum ɗaya, Niyok bata cikinsu.

In kuwa da gaske kana da ma'aikata to nan ne lambar take aikin da aka yi ta dominsa. Zaka cire harajin ma'aikaci daga albashinsa, ka cire kashi 7.65 na soshal da lafiyar tsufa, kai ma ka ɗora naka 7.65, ka tura. Kuɗin da ka cire ɗin nan amana ce a hannunka, haka ma dokar ta kira shi, kuma in kasuwa ta matse ka taɓa shi ka biya haya da niyyar mayarwa, LLC bazata kare ka ba, IRS na da ikon bin ka kai kanka har aljihunka na gida. Wannan shi ne wuri ɗaya da nake cewa kowa ya nemi akanta ko ya biya kamfanin lissafin albashi, kar ya yi jarumta.

Mu dawo kan ɗan yayata. Shi yana zaune a Kano yana haɗa wa mutane shafukan intanet, kwastomominsa na waje suna so su biya da kati, Stripe kuma, kamfanin karɓar kuɗi da kati ta intanet, bata buɗe wa mai kamfanin Najeriya asusu kai tsaye, Paystack da ta saya a 2020 ce ke aiki a can. Shi da abokansa sun gano hanyar da dubban matasa ke bi, ka yi rajistar LLC a Wyoming ko Delaware daga ɗakinka, ka biya wakilin da zai riƙa karɓar maka wasiƙun hukuma a jihar, ka samu EIN, ka buɗe asusun banki na intanet. Halal ne a dokarsu, ba sai kana ɗan ƙasa ba ba sai ka taɓa taka Amurka ba. Matsalar kawai shafin nan mai sauri baya karɓar wanda bashi da soshal ko ITIN, shine wani a TikTok ya gaya musu ai sai ka ari na ɗan'uwa.

Ga abinda aron yake nufi. Layi na 7 a fom ɗin yana tambayar mutumin da ke da iko da kamfanin da kuɗinsa, mai wuƙa da nama, kuma tun 2019 dole mutum ne mai rai ba wani kamfani ba. IRS ta faɗa ƙarara bata yarda a sa sunan ɗan aro ba. In na sa soshal ɗina na sa hannu, na rantse kenan cewa ni ke juya kamfanin da ban san me ake sayarwa a cikinsa ba, duk wasiƙar da zata fito da sunana zata fito, in wani abokinsa ya karɓi kuɗin da ba na Allah da Annabi ba ta asusun, ƙofata za'a fara ƙwanƙwasawa. Shi ma ba tsira ya yi ba, don a takarda kamfanin da ya sha wahala a kai yana hannun wani, ranar da banki ya ce a kawo mai lambar ya tabbatar da kansa sai ya nemo ni, in na mutu kuma sai ya nemi magada. Ana iya gyarawa da fom 8822-B, wanda doka tace a tura cikin kwana 60 in mai alhakin ya canza, amma me ya kai ka gyaran abinda tun farko ƙarya ce.

Abin dariyar shine baya ma buƙatar soshal ɗin. Baya buƙatar ITIN ma, duk da masu sayar da ITIN suna cewa sai da ita. Ya cike SS-4 da sunansa, a gurbin lambar mutum ya rubuta Foreign, ya tura ta fakis, akwai manhajojin da ke tura fakis daga waya. Wanda cibiyar kasuwancinsa take wajen Amurka yana ma iya kiran layin IRS na masu nema daga ƙetare, Litinin zuwa Juma'a, suna buɗewa 6 na safe agogon gabashin Amurka wato 11 na safe ko 12 na rana a Kano da Yamai, ya danganta da lokacin da suke juya agogonsu, a yi masa tambayoyin a baki a karanto masa lambar. Layin ba kyauta bane kuma ana daɗewa a kai, sai a tanadi kati da haƙuri. Ta fakis kuwa kwana huɗun nan da suke faɗa kar ɗan ƙetare ya dogara da shi, na ga wanda ya haura wata yana jira. Kuma in ka ƙosa ka sake turawa kana iya wayar gari da lamba biyu a kamfani ɗaya, wani sabon ciwon kai.

Sai babban ramin, wanda masu bidiyon buɗe kamfani a Amurka cikin kwana uku basa ambata. Tun daga shekarar haraji ta 2017, LLC mai mutum ɗaya wanda mai shi baƙo ne dole ta tura fom 5472 haɗe da shafin gaba na fom 1120, in dai wani kuɗi ya gilma tsakanin kamfanin da mai shi a shekarar. Kuma gilmawar nan ba sai ciniki ba, kuɗin da ka biya na rajista daga aljihunka ya shiga, dala ɗari da ka zuba a asusun don kar ya zauna fayau ta shiga, abinda ka cira ka tura wa kanka ya shiga. Ba haraji ake biya da fom ɗin ba, labari kawai ake bayarwa, mai yiwuwa ma ba'a binka ko sisi. Amma rashin turawa tararsa dala 25,000 ce. Ka ɗauki kalkuleta ka buga da canjin Wapa na yau. In sun aiko maka sanarwa ka yi shiru kwana 90, sai a riƙa ƙara wata 25,000 duk kwana 30. Ranarsa 15 ga Afrilu, ana iya neman ƙarin lokaci da fom 7004, kuma irin wannan kamfanin baya turawa ta intanet sai fakis ko wasiƙa zuwa ofishinsu na Ogden a jihar Utah. Ɗan hakin da ka raina kenan. Yaro ya kashe dala ɗari uku ya buɗe kamfani, ya samu kwastoma biyu, ya watsar ya koma wani abu, shekara uku fayil ɗinsa na can a buɗe.

Wani zai ce to in ina Kano ya zasu yi dani. Gaskiya ne ba wanda zai zo Kurna ya kama ka. Amma kuɗinka a bankinsu yake zaune, kuma wanda ya buɗe kamfani a Amurka ai yana da burin gobe ne, mai zuba jari ko babban kwastoma ko wani kamfani na biyu, duk ranar da aka buɗe littafi za'a ga ramin. Ni a ganina wanda cinikinsa na waje bai kai ya biya wakili da kuɗin jiha da mai cike masa 5472 duk shekara ya kuma rage riba ba, bai kai buɗe LLC ba tukuna, ya nemi wata hanyar karɓar kuɗi. Wyoming aƙalla dala 60 take karɓa duk shekara, Delaware aƙalla 300 kafin 1 ga Yuni, Kalifoniya 800 ko ka sayar ko baka sayar ba. Kuma samun EIN baya nufin banki zai karɓe ka, a 2024 wani bankin intanet da matasan Afirka suka fi amfani da shi ya rufe asusun mazauna ƙasashe da dama har da Najeriya, duk da takardunsu cikakku ne.

Abubuwan da lambar bata yi kuwa gajeru ne. Ba biza bace, ba izinin aiki bace, bata gyara wa kowa takardun zama. Ba lasin bace, mai abinci da mai kitso kowa da hukumar da zai je. Ba ita ce izinin karɓar harajin sayarwa ba, wannan na jiha ne, a Niyok sai ka nemi nasu satifiket ɗin kafin ka fara sayarwa. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke tara kuɗin jana'iza da kai gawa gida suma su sani, EIN na buɗe musu asusu amma bata mayar da su ƙungiyar da aka yafe wa haraji ba, wannan nema ne daban.

CP 575 sau ɗaya ake bayar da ita, in ta ɓata basa sake bugawa, sai dai ka kira su aiko maka da wata mai suna 147C wadda bankuna ke karɓa a madadinta. Sabuwar lamba tana iya ɗaukar sati biyu kafin ta zauna a duk rumbunansu, saboda haka in Stripe ko Amazon suka ce basu ganta ba a rana ta biyu ba wani abu ne ya lalace ba. Canza suna ko adireshi baya buƙatar sabuwar lamba, amma mutum ɗaya da ya ɗauki abokin tarayya ko ya koma kamfani mai hannun jari yana buƙata. Kuma lambar bata mutuwa, ba'a soke ta ba'a ba wani, ko ka daina kasuwancin tana nan da sunanka, abinda ake yi shine ka cike duk abinda ake binka, ka rubuta wasiƙa da sunan kamfanin da lambar da adireshi da dalili kace a rufe fayil, sannan ka koma jiha ka rushe kamfanin a can ma, in ba haka ba kuɗin shekara na ci gaba da taruwa da tara a kai.

Da safen na kira yaron, nace soshal kam babu, amma buɗe kwamfutarka. Muka bi SS-4 layi layi ta bidiyo, wuta ta ɗauke musu sau ɗaya muka jira ya tada janareta, ya tura fakis ɗin daga wayarsa. Ya ɗan yi fushi na kwana biyu, uwarsa ma ta kira tace ai da ka taimaka masa, nace Yaya taimakon kenan. Lambar ta iso bayan sati biyar. Na sa ya rubuta 15 ga Afrilu da jan biro a kalandar da ke bangon ɗakinsa ya turo min hoto, ni ma na sa a wayata don nasan halinsa.